Kiɗan Ƙwarya a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu: Tarihinsa da Tunawa da Barmani Coge

Kiɗan ƙwarya, wanda ake kira amada idan ya haɗu da waƙa da amshi, kiɗa ne na mata a ƙasar Hausa. Mata ke kaɗa shi, mata ke rera waƙarsa, kuma a asali mata kaɗai ke sauraronsa, a tsakar gida, ranar biki ko suna, bayan maza sun koma zaure. A yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran garuruwan Zamfara da kudancin Katsina, an daɗe ana yin sa ba tare da an rubuta sunayen masu yin sa ba. Wadda ta fito da shi fili har sunanta ya zama ɗaya da nasa ita ce Hajiya Sa'adatu, wadda aka fi sani da Barmani Coge ta Funtuwa, ko Choge kamar yadda jaridu suka saba rubutawa. Rasuwarta a shekarar 2013 ta zama wata iyaka a tarihin wannan sana'a.

Ƙasar da kiɗan ya yi ƙarfi

Ko da yake a yau Funtuwa tana Jihar Katsina, Gusau da Tsafe da Bunguɗu kuma suna Jihar Zamfara da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba 1996, a al'adance yankin tsintsiya ce maɗaurinta ɗaya. Kafin jihadi, 'Yandoto da Kwatarkwashi da Maska duk suna cikin ƙasar da ake kira Katsinar Laka. Shi ya sa har yau sarautar Gusau take amsa sunan Sarkin Katsinan Gusau, ta Tsafe take amsa 'Yandoton Tsafe, hakimin Funtuwa kuma ake kiran sa Sarkin Maska. Auratayya da fatauci sun daɗe suna kai da kawo tsakaninsu.

Zuwan Turawa ya ƙara ɗaure wannan zumunci. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta ƙare a Ƙauran Namoda a 1929. Cinikin auduga da gyaɗa ya bunƙasa, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Gusau, 'yan kasuwa da leburori da direbobi suka kwararo. Titin mota da ya tashi daga Funtuwa ya ratsa 'Yankara da Tsafe da Kwatarkwashi da Gusau da Bunguɗu zuwa Sakkwato ya zama hanyar makaɗa ma. Inda kuɗin kaka ya taru, nan ake ɗaura aure, inda ake ɗaura aure kuwa, nan makaɗi yake sauke kayansa.

Zamfara ta yi suna wajen makaɗan fada. Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haife shi. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, duk 'yan wannan ƙasa ne. Waɗannan an san iyayen gidansu, an adana waƙoƙinsu, an yi nazarinsu a jami'o'i. Takwarorinsu mata, da suka cika gidajen biki na garuruwan nan, yawancinsu ba su wuce bakin unguwarsu ba a wajen shahara.

Tushensa a aikin gida

Waƙar mata ta girmi amada nesa ba kusa ba, kuma daga aiki ta fito. Akwai waƙar niƙa, wadda mace ke yi ita kaɗai a kan dutse da asuba, inda takan zuba habaici ga kishiya ko uwar miji ba tare da ta ambaci sunan kowa ba. Akwai waƙar daka, da lugude, inda mata biyu ko uku ke jefa taɓare a turmi ɗaya bi da bi, wata ma ta cilla tata sama ta tafa kafin ta cafe. Akwai waƙar daɓe, lokacin da mata ke taruwa gayya su buge daɓen ɗakin amarya da maɗaɓi. Akwai waƙar raino, da gaɗa ta 'yan mata a dandali da farin wata. A wajen aure kuma akwai shantu, wato dogon duma mai huda biyu da ake bugawa a cinya ana toshe bakinsa da tafin hannu.

Duk waɗannan ba sa bukatar kayan kiɗa na musamman. Matar da ke cikin kulle ba ta da kalangu ko kotso, waɗannan na maza ne kuma na gado. Abin da ke hannunta shi ne turmi da ƙwarya da ludayi, su ta mayar kayan kiɗa. Wannan shi ne dalilin da ya sa amada bai taɓa rabuwa da maganar gida ba: kishi, haihuwa, cefane, adashi, zaman haƙuri da ƙarewarsa.

Yadda ake kaɗa shi

Masu amada kan zauna a kan tabarma, kowace da ƙwarya a kife a gabanta. Ana zaɓen ƙore masu girma daban-daban domin kowace ta ba da murya irin tata. Wasu ana kifa su a ƙasa ko a kan tsumma a buga su da 'yan sanduna ko da yatsu masu zobba, su ba da sauti mai kaifi. Ɗaya kuma ana kifa ta a kan ruwa a cikin babban masaki ko baho, a riƙa dukan bayanta, ta ba da amo mai zurfi kamar na babbar ganga. Wannan shi ake kira kiɗan ruwa. Mai kaɗa shi takan ɗan ɗaga gefen ƙwaryar ta saki iska ko ta ƙara, har sai amon ya zauna yadda take so.

Uwar waƙa ita ce ke ja, sauran su amsa. Takan miƙe tsaye a tsakiyar fili, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta kawo ɗa na waƙa, 'yan amshi su karɓe da gindin waƙar ba tare da hannunsu ya tsaya ba. Ba a tsare tsawon waƙa. Idan uwar biki ta shigo fage, sai a sako sunanta da na mahaifanta da na 'ya'yanta. Idan ƙawayenta suka taso yi mata kara, kowace ta liƙa kuɗi a goshin mai waƙa ko ta ajiye turmin atamfa, sai ita ma a ambace ta. Maguɗiya tana gefe tana rangaɗa guɗa a duk inda magana ta yi daɗi. Da haka waƙa ɗaya kan fito da fuska daban a kowane gida, gwargwadon waɗanda suka halarta da irin alherin da suka yi.

Zabiyanci, bori da bege

Koguna uku ne suka haɗu a cikin amada. Na farko zabiyanci. Zabiya mace ce da ta ɗauki waƙa da kirari sana'a, wani lokaci a fada, tana guɗa tana zuga sarki idan ya fito, wani lokaci a gidajen biki. Daga nan amada ya samo yabo da ambaton asali.

Na biyu bori. A ƙasar Zamfara mata sun riƙe jagorancin bori tun da daɗewa. Tarihin baka yana ba da labarin Sarauniya 'Yargoje, wadda aka ce ta mulki Zamfara tana kuma shugabantar 'yan bori, dutsen Kwatarkwashi kuwa ya daɗe da suna a matsayin matattarar iskoki. A waje ana kiran iskoki da garaya da goge, a cikin gida kuma da ƙwarya, domin makaɗi namiji ba ya shiga wurin matan aure.

Na uku bege. Tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, mata a daular Sakkwato suka saba koyon addini ta hanyar waƙa, ta hannun jajoji masu jagorantar 'Yan Taru. Masu nazari suna danganta farkon amada da taron mata masu yabon Annabi da waliyyai, musamman Shehu Abdulƙadir Jilani. Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano ta shahara a wannan ɓangare, inda ta haɗa ambaton shehunai da habaici mai zafi. Ko amadan biki ma da sunan Allah da salati ake buɗe shi, sannan a gangaro kan zancen duniya.

Barmani Coge

An haifi Sa'adatu a ƙauyen Gwaigwayi kusa da Funtuwa a cikin shekarun 1940. Ta tashi a lokacin da Funtuwa ke cika da baƙi, gari ne na tasha da kasuwa, wanda daga baya ya zama mazaunin Alhaji Mamman Shata. An yi mata aure tana ƙarama, mijinta kuma makaɗin garaya ne, abin da ya sauƙaƙe mata shiga sana'ar da yawancin mazaje ba sa bari matansu su yi. Ta haifi 'ya'ya da yawa, kuma haihuwa ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da take alfahari da su a waƙa. Tun daga shekarun 1970 sunanta ya fara fita daga Funtuwa, ana ɗaukar ta biki a manyan garuruwan Arewa tare da ƙungiyarta ta mata masu ƙwarya.

Abin da ya raba ta da sauran shi ne ƙarfin hali wajen faɗin abin da mata ke faɗa a ɗaka idan babu namiji. A waƙar da aka fi sani da "Sakarai Ba Ta da Wayo" ta caccaki kishiya marar dabara. A "A Kama Sana'a Mata" ta zaburar da matan kulle su nemi na kansu, su daina zaman jiran abin da miji zai miƙo. A "Gwarne Ikon Allah" ta mayar da abin da ake yi wa mace gori a kai, wato ɗaukar ciki tun ba ta yaye na goye ba, ya zama abin godiya. Ta kuma yi waƙar da ta yabi ƙirar jikin mace ƙarara, wadda wasu suka ɗauka batsa ce, mata kuwa suka mayar da ita abin rawa a tsakaninsu.

Kiran da ta yi na kama sana'a ya faɗa a kan gaɓa. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran garuruwan yankin, matan kulle sun daɗe suna tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, suna dama fura, suna yin daddawa da ƙosai, suna saƙa da kitso, yara na kai musu talla. Da ribar suke zubin adashi, su tara wa 'ya'yansu kayan ɗaki, su yi biki ga ƙawaye. Wannan dukiya ce da ba ta fitowa a lissafin hukuma. Barmani ta ba ta daraja a bainar jama'a, ta sa mai sana'a ta ji ita ma abar yabo ce kamar attajiri.

Rediyo da kaset

Ba don na'ura ba da amada ya tsaya inda ya saba. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ana kama shi a duk faɗin ƙasar Hausa, kuma ya riƙa ɗaukar makaɗan gargajiya yana watsawa. Gidajen rediyo da talabijin na jihohi, ciki har da Rediyon Rima na Jihar Sakkwato, wadda Gusau take ƙarƙashinta kafin 1996, suka bi sahu. Da rakoda da kaset suka yawaita a shekarun 1970 da 1980, sai rediyo mai kaset ya shiga cikin kayan ɗakin amarya. Mace tana tankaɗe ko tana tsefe kai, muryar Barmani na tashi a gefenta. Matar da ba ta taɓa zuwa Funtuwa ba ta haddace waƙoƙinta, masu amada na unguwa kuma suka riƙa ɗaukar salonta suna sa sunayen mutanensu.

Wannan yaɗuwa ba ta kawo wa mawaƙan arzikin da ya kamata ba. Masu shagon kaset kan kwafi waƙa ɗaya sau ɗaruruwa su sayar, mai waƙa ba ta ganin ko kwabo. Abin da take samu yana ƙarewa ne a liƙi da kyautar masu biki, da kujerar Makka idan an dace da mai hannu sake.

Takwarorinta a duniya

Barmani ba ita kaɗai ba ce macen da ta fito da muryar mata fili a cikin al'ummar da ke ɗari-ɗari da hakan. A Sudan, A'isha Fallatiya, wadda asalin iyayenta daga ƙasar Hausa ne, ta kasance cikin matan farko da suka yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940. Ta yi waƙa da Larabci da Hausa tare da makaɗan zamani, ta rasu a 1974. A Amurka, kiɗan jaz na baƙaƙen fata ya fitar da mata irin su Billie Holiday, wadda ta rasu a 1959 tana da shekara 44, da Ella Fitzgerald da ta rasu a 1996. Kayan kiɗan sun bambanta ƙwarai, amma akwai wurin haɗuwa: ja da amshi, ƙirƙirar magana nan take a gaban masu sauraro, da fitowar sana'ar daga wuraren da manya ke rainawa. Bambancin da ya fi girma yana wajen adanawa. Da yawa daga abin da mawaƙan jaz suka rera yana nan a faifai da kwanan wata da sunayen makaɗa. Na masu amada kuwa yawancinsa ya tafi da iskar daren da aka yi shi.

Sauyin zamani

Abubuwa da dama suka taru suka rage wa ƙwarya kasuwa. Tun daga shekarun 1990 finafinan Hausa suka zo da waƙoƙin fiyano da ake haɗawa a sutudiyo, 'yan mata suka koma kansu. Kamu da wuni suka fara barin tsakar gida suna komawa ɗakunan taro, inda mai sa waƙa ɗaya da lasifikarsa ya fi ɗaukar ƙungiyar mata shida araha.

A Gusau ne Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000. An rufe gidajen giya da na mata masu zaman kansu, aka tsananta hana cuɗanyar maza da mata a wajen shagali. Amadan cikin gida bai shiga wannan sahu kai tsaye ba tunda na mata ne zalla, amma yanayin ya sa magidanta da yawa suka daina yarda a kawo kiɗa gidajensu. Walima da wa'azin malamar Islamiyya suka maye gurbin kwanan kiɗa a bukukuwa masu yawa. Daga baya rashin tsaro da ya addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu ya sa taron dare da tafiyar dare suka zama kasada, aka koma ɗaura aure da safe a kai amarya kafin magariba.

Rasuwarta da yadda aka yi makokinta

Barmani Coge ta rasu a Funtuwa ranar Asabar 2 ga Maris 2013 bayan doguwar jinya, aka yi mata sutura kamar yadda addini ya tanada. A al'adar Hausawa ba a bambanta mawaƙi da kowa a wajen jana'iza. Ana wanka, a sa likkafani, a yi salla, maza su kai gawa makwanci ba tare da jinkiri ba. Mata suna zama a cikin gida suna karɓar gaisuwa. Ana zaman makoki kwana uku, wasu gidajen su yi sadakar bakwai da ta arba'in, a raba gumba ko waina. Ba a kiɗa, ba a guɗa, kuma ana hana kuka mai ƙarfi. Macen da ta shekara arba'in tana cika gidajen mutane da amo, a cikin shiru da addu'a aka raka ta.

Saboda haka juyayin mawaƙiya yakan samu wasu hanyoyi. Gidajen rediyo suka riƙa sa waƙoƙinta suna ba da tarihinta, masu sauraro na bugo waya suna yi mata addu'a. Jaridu suka yi rubutu a kanta, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya rubuta mata ta'aziyya mai tsawo da Ingilishi, wadda ta gabatar da ita ga masu karatu a wajen ƙasar Hausa. Tunawa mafi ɗorewa kuwa tana wajen biki. Idan aka sako waƙarta, dattijuwar da ta ƙi tashi tun da aka fara taro takan gyara ɗaurin zane ta shiga fili, ta taka, ta koma ta zauna tana cewa Allah ya jiƙan Barmani. Akwai masu ganin bai dace a ci gaba da sa waƙar mamaci ba, gara a bi shi da sadaka da istigfari. Mata da yawa suna haɗa biyun.

Yi wa mace makoki da kalmomi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Nana Asma'u ta rubuta marsiyyoyi ga 'yan uwanta da aminiyarta A'isha, har da matan da ba su da sarauta, tana lissafa halayensu na kirki domin na baya su yi koyi. Abin da ba a saba gani ba shi ne a yi wa zabiya irin wannan karramawa, domin al'ada ta ajiye maroƙa da makaɗa a ƙasan tsani, mace mawaƙiya kuma a ƙasan nasu. Ana son waƙarta, ana gudun a haɗa zuri'a da ita. Halin da Magajiya Ɗambatta ta shiga ya nuna haka: ta yi tashe a shekarun 1970, ta tsufa cikin makanta da rashi, sai da jama'a suka yi mata karo-karo kafin rasuwarta a Oktoba 2021.

Abin da ya rage

Amada bai mutu ba. Har yanzu akwai ƙungiyoyin mata masu ƙwarya a unguwannin Gusau da garuruwan kewaye, ana kiran su suna da kamu, 'yan siyasa ma kan neme su lokacin yaƙin neman zaɓe. Mawaƙan sutudiyo suna kwaikwayon amon ƙwarya da fiyano idan za su yi wa amarya waƙa. Waƙoƙin Barmani sun tashi daga kaset sun koma wayoyin hannu da intanet, galibi ba tare da shekarar da aka ɗauke su ko sunayen 'yan amshinta ba.

A fagen ilimi an yi ƙoƙari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙin baka, Beverly Mack kuma ta wallafa littafi a kan mawaƙan Hausa mata a 2004. Duk da haka abin da aka rubuta game da mata bai kai kaso kaɗan na abin da aka rubuta game da makaɗan fada ba. Tsofaffin masu amada na Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, waɗanda suka san kiɗan tun kafin zuwan kaset, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Nauyi yana kan sassan Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejojin ilimi na jihar, da gidajen rediyo, su je su ɗauki muryoyinsu da sunayensu da tarihinsu tun suna raye, domin ta'aziyya ba ta mayar da waƙar da ba a ɗauka ba.